Kafin ka kira 'yan gwangwan, buɗe murfin ka duba lamba

Yau zan ɗan kauce daga maganar sikirin da batir, amma dai wayar hannunka ce za ta yi aikin. Magana ce a kan tsohon kayan da ake gada a gida, musamman fiyano. Na san wani zai yi dariya ya ce wa ya taɓa gadon fiyano a ƙasar Hausa. To idan a Zariya kake, rage dariyar.

Sabon Gari ta taso ne da zuwan jirgin ƙasa a 1911. Ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga kudu suka zo da coci-cocinsu da makarantunsu, kayan kiɗan coci kuma suka biyo su. A Wusasa, inda 'yan mishan na CMS suka koma a 1929, akwai gidajen Hausawa da suka tashi da waƙar coci tun kakanni. Mu nan Samaru kuwa, tun 1922 ake binciken noma, sannan aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Turawa da sauran baƙi suka zauna a kwatas shekara da shekaru suna koyarwa. Wanda zai koma ƙasarsa ba zai ɗauki kayan da ya haura kilo 200 ya shiga jirgi da shi ba. Sayarwa zai yi, ko ya bar wa abokin aiki, ko makaranta, ko wani amintaccen yaron gida. Haka kaya ke sauya hannu har ya ƙare a lungun falo an lulluɓe shi da zane, an ɗora masa kwanuka da talabijin.

Ra'ayina a nan ɗaya ne. Ganganci ne a sayar da irin wannan kaya, ko a yi masa fenti, ko a sa masa kuɗi a rabon gado, ba a san wanda ya ƙera shi da shekarar da aka ƙera shi ba. Aikin rabin awa ne da fitilar waya da 'yar data kaɗan.

Ka duba yadda abin ke faruwa idan an yi rasuwa. Mai rabon gado zai ce a kimanta komai. Gida da fili ana da dillalai, mota ana da makanikai. An zo kan fiyano sai kowa ya yi tsuru-tsuru. Ɗaya daga cikin magada ya ga wani bidiyo a TikTok, ya rantse abin miliyoyi ne. Wani ya ce tarkace ne kawai ya tare ɗaki. Ana cikin haka masu sayen ƙarfe su turo kura ƙofar gida, su kuma abin da suke gani nauyin ƙarfen ciki ne, a sikeli za su yi maka ciniki. Wanda ya sayar za a ce ya cuci marayu, wanda ya hana za a ce yana da wata manufa. Duk cikinsu babu wanda ya ɗaga murfi ya leƙa.

Mu masu gyaran waya mun daɗe da daina yarda da abin da aka rubuta a bayan kaya. Sau nawa ake kawo mana waya jikinta na iPhone 13 Pro, kyamara uku reras a baya, ka shiga saitin ka tarar XR ce aka sauya wa riga? Shi ya sa muke danna *#06# mu ga IMEI, lambar nan mai guda 15 wadda takwas na farkonta ke nuna ainihin samfurin wayar. Fiyano ma haka yake. Sunan da ke rubuce da ruwan zinare a saman madannai sau da yawa na shagon da ya sayar ne a Landan ko wani gari. Ƙananan masana'antu sun yi ta ƙera fiyano ba suna, kowane dillali ya manna nasa. Wasu har suna zaɓar suna mai kama da na Jamus, wanda ya fara da Stein, don mai saye ya tuna da Steinway. Irin su Nokla da Samsong ɗin zamaninsu kenan.

Kafin komai ka tabbatar fiyano ne ma tukuna. Da yawan abin da ake kira fiyano a gidaje da tsofaffin coci harmoniyam ne. Gane su ba wuya. Harmoniyam yana da manyan feda biyu masu faɗi da ake takawa kamar ana tuƙa keke, su ke hura zugazugi a ciki, iska ta bi ta kan 'yan harsunan tagulla ta ba da sauti. Idan ka danna madanni ba ka taka ba, shiru za ka ji. Shi kuwa fiyano tsirkiyoyin ƙarfe ne a ciki, sama da 200, da 'yan guduma masu kan ulu da ke bugunsu. Idan ka rubuta wa Google fiyano alhali harmoniyam gare ka, ka ɓata hanya tun daga tasha.

Yanzu sai lambar. Mafi yawan waɗanda ake samu a nan masu tsayuwa ne a jikin bango. Sauke duk abin da ke kai, ka ɗaga murfin sama a hankali, ka kunna fitilar waya ka leƙa. Za ka ga wani babban ƙarfen zubi, yawanci launin zinare, da ƙusoshi jere waɗanda aka naɗe tsirkiyoyin a jikinsu. A nan kusa da ƙusoshin, ko a tsakiya, ko a kusurwar dama ko hagu, ake buga lambar da baƙin tawada ko a hatimce ta a katako. Yawanci lamba huɗu ce zuwa bakwai. Idan ba ka gani ba, allon gaba na sama yana fita, akwai 'yan maƙalai biyu a ciki ta gefe, ka juya su ka ɗago shi. Wani lokacin kuma tana baya, sai an ɗan janyo kayan daga bango. Idan naka irin mai kwanciya ne mai ƙafa uku, duba kan ƙarfen ta gaba, wajen da ake ajiye takardar waƙa. A jikin wannan ƙarfen ne kuma ake yawan zuba sunan kamfanin gaskiya, haruffan sun taso kamar tambari. Wanda aka zuba a ƙarfe ya fi wanda aka manna a katako ƙarfin shaida, don ba a sauya shi da fenti.

Shawarar mai gyara: kar ka haska fitilar kai tsaye, ƙyalli zai cinye rubutun. Karɓi wayar wani ya haska maka daga gefe, kai kuma ka ɗauka da taka, ka taɓa sikirin a kan lambar don kyamara ta tsaya a wajen. Ƙura kuma da busasshen buroshi mai laushi ake share ta, irin wanda muke share fanel da shi. Ban da ruwa, ban da fetur, ban da kananzir. Tawadar shekara tamanin gogewa ɗaya take jira.

A nan ne mutane suka fi ruɗewa, don lambobin ciki suna da yawa. Lambar da ta taso a jikin ƙarfen, wadda aka zuba tare da shi, galibi ta wajen zubin ce ko ta samfuri. Idan ka ga U1 ko U3 a Yamaha, samfuri ne, kamar ka ce Spark ko Camon, lambar ƙira tana kusa da shi. Babban tarkon shi ne shekara. Mutum ya ga an rubuta 1728 a jikin Broadwood sai ya fara lissafin shekara ɗari uku. Wannan shekarar da kamfanin yake ƙirga kafuwarsa ce a Landan. A lokacin ma fiyano jariri ne, don wajen 1700 Bartolomeo Cristofori ya ƙirƙiro shi a Italiya. Haka 1853 a jikin Steinway ko Bechstein ko Blüthner, duka ukun a shekarar aka kafa su. Hotunan lambobin yabo da ake mannawa a cikin murfi, masu ɗauke da sunan wani baje koli da shekara, abin da kawai suke gaya maka shi ne an yi kayan bayan waccan shekarar. Bayanta da shekara biyu ne ko arba'in, ba su faɗa ba.

Akwai wata shaidar da nake so ƙwarai. Masu saita sauti na da suna da al'adar rubuta kwanan wata da fensir a gefen madannai ko a cikin allon, wani har da sunansa da garin. Idan ka ci karo da irin wannan, ka san kayan ya girmi wannan ranar, kuma wataƙila ka gano inda ya zauna kafin ya iso Zariya.

Da ka samu suna da lamba, shiga Google ka rubuta sunan kamfanin ka bi shi da "piano serial number". Yamaha da Steinway suna da jerin lambobi da shekaru a shafukansu, kai ne za ka duba tsakanin wace lamba da wace lamba taka ta faɗo. Na sauran kamfanoni akwai wani littafi, Pierce Piano Atlas, wanda masu sana'ar suka dogara da shi, kuma shafuka da yawa daga cikinsa suke ɗebowa. Duba wuri biyu ko uku. Idan sun yi daidai ko sun saɓa da shekara ɗaya zuwa biyu, ka samu. Ka kuma sa hankali: Yamaha sai a 1900 ta yi fiyanonta na farko, don haka duk shafin da ya ba ka 1880 a kan Yamaha, rufe shi.

Idan kamfanin ya mutu bai bar jeri ba, jikin kayan zai ba ka kusan zamaninsa. Ƙirga madannai, fari da baƙi. Na yanzu 88 ne, farare 52 baƙaƙe 36. Idan ka samu 85, alama ce ta tsohon yayi, ko da yake wasu kamfanonin Turai sun daɗe suna yin hakan. Idan akwai mazaunin kyandir biyu a gaba, ko ramukan da aka cire su, ka san an yi shi ne don gidan da ba lantarki. Tsirkiyoyin da suka sauko a miƙe duka tsohon tsari ne, waɗanda suka gitta juna su ne tsarin da ya zo ya maye gurbinsa. Sai sunan ƙasa. Duk abin da aka rubuta wa West Germany tsakanin 1949 da 1990 aka yi shi, don kafin nan da bayan nan babu ƙasa mai wannan suna. Wannan dabarar tana aiki a kan tsohon rediyo da agogon bango ma.

To ina Google Lens da manhajojin AI da kowa ke tambaya yanzu? Ina amfani da su kullum, amma a wannan aikin matsayinsu na ɗan aike ne. Lens ya iya karanta rubutun da ya dushe, ya iya fassara Jamusanci, nan ya ƙware. Amma idan ka ɗauki hoton kayan gaba ɗaya, abin da zai yi shi ne ya nemo maka masu kama da shi, kuma tsofaffin fiyano baƙaƙe duk kamarsu ɗaya. Sai ya jero maka wani da aka yi wa gyaran ƙwararru a Amurka da farashin dala, jikinka ya ɗau rawa. Manhajar hira kuwa, ka ba ta suna da lamba, za ta iya yanko maka shekara cikin natsuwa ko da ba ta da jerin. Ka ce ta nuna maka inda ta samo, ka buɗe wajen da kanka. Idan babu, ɗauki maganarta kamar hirar teburin mai shayi.

Kwanaki wata dattijuwa daga Sabon Gari ta kawo gyaran wajen caji, muna hira ta nuna min hoton na mahaifinta. 'Ya'yan yayanta sun matsa a sayar, wai wani ya ce musu na Jamus ne mai tsada. Ta ce, "Ɗana, ni ba kuɗin ne ya dame ni ba, kar a ce na danne haƙƙin yara." Na ce, "Mama, a sa wani ya ɗaga murfin ya turo min hoton ciki." Da hoton ya zo, suna ne na wani ƙaramin kamfanin Ingila a jikin ƙarfen, allon baya kuma ya tsage gida biyu. Ba abin miliyoyi ba ne. Amma da aka tura hotunan a guruf ɗin gidansu na WhatsApp kowa ya gani da idonsa, maganar ta mutu a ranar.

Wannan ya kawo ni kan abin da ba a so a ji. Tsufa ba ya sa fiyano tsada. A Ingila kanta, tsofaffin masu jingina da bango kyauta ake bayar da su, wani ma sai ya biya a zo a kwashe masa. Tsirkiyoyin nan suna jan ƙarfen da nauyin da ya kai tan 18 zuwa 20, dare da rana, shekara da shekaru. Ga yanayinmu. Hunturun Zariya ya busar da katako har ya tsage, damina ta zo ya kumbura, a haka ramukan ƙusoshin ke saki su kasa riƙe sauti. Ƙara da gara da ɓeraye, su kuma ulun guduma ne katifarsu. Za ka iya gwadawa da waya: sauke manhajar saita sauti kyauta, ka ƙirga madanni na 49 daga hagu, fari da baƙi duka, ka danna. Ya kamata ta nuna A a kan 440 ko kusa. Idan ya yi ƙasa sosai, ko madanni ɗaya yana fitar da sauti biyu masu faɗa da juna, akwai aiki babba. Don Allah kar ka ɗauko filaya ko sifana ka ce za ka ɗaure. Tsirkiya idan ta tsinke bulala ce ta ƙarfe, ido take nema. Idan sunan ya fito cikin manyan nan, Steinway ko Bechstein ko Blüthner ko Yamaha mai lafiya, to ya cancanci a nemo mai saita sauti ya duba kafin a yi maganar kuɗi. Masu kiɗan manyan coci-cocin Sabon Gari da Wusasa su ne za su fi sanin wanda ake kira.

Wani zai ce to tunda yawanci ba tsada, wahalar me? Ai sanin ba tsadar shi ma amsa ce, ita ce ta raba rigimar gidan dattijuwar nan. Kuma ɗaya cikin da yawa zai fito na ƙwarai, shi ne bai kamata ya tafi a farashin kilo ba.

Madannan ma ka dube su da kyau. Na da ana lulluɓe fararen da hauren giwa. Alamarsa, kowane madanni gida biyu ne da siririn layin haɗi a tsakani, launin ya koma rawaya-rawaya, kuma idan ka zuƙo da kyamara za ka ga 'yan zane kamar na farce. Na roba sumul yake, ba haɗi. Kar wannan ya sa ka fara ɓamɓarewa don wani ya ce zai saya. Tun 1989 aka hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES. 'Yan ɓawon nan ba za su ba ka komai ba sai jidali, kuma ka lalata kayan.

Na san mafi yawan masu karanta wannan ba fiyano aka bar musu ba, keken ɗinki ne na Hajiya ko na Baba tela. Hanyar ɗaya ce, har ta fi sauƙi. A keken Singer lambar tana kan gadon keken ta gaba, ɓangaren dama, a gindin wuyan. Wanda ba harafi a gaban lambarsa kafin 1900 aka yi shi. Mai farawa da Y daga masana'antar Clydebank ta Sikotilan ya fito, tsakanin 1920 da 1935, daga nan suka koma haruffa biyu masu farawa da E. Harafin K a sunan samfuri, kamar 15K ko 99K, shi ma wannan masana'antar yake nufi, wadda aka rufe a 1980. Akwai shafin ISMACS na masu tara tsofaffin kekuna, a nan za ka ga jerin. Butterfly kuwa na Sin ne, an kwaikwayi ƙirar Singer, shi ya sa daga nesa sai ka rantse ɗaya ne. Ni a ganina keken da ke ɗinki lafiya ya fi fiyanon da ya mutu amfani a gida nesa ba kusa ba, don gobe wata cikin jikoki za ta iya cin abinci da shi.

Amma a kan keken nan akwai damfarar da ba ta mutuwa. A 2009 jita-jita ta cika Saudiyya cewa tsofaffin Singer suna ɗauke da wani sinadari wai jan makuri, wato jar zaiba, farashi ya yi tashin gwauron zabi, har aka riƙa fasa shagunan teloli. Gwajin da suke yi ma da waya ne, wai ka kai ta kusa da allura, idan sabis ya ɗauke to akwai. A matsayina na wanda ke buɗe waya kullum, wannan shirme ne. Sandunan sabis suna hawa da sauka ko a tafin hannunka, kuma ƙarfe kowane iri yana iya tare sigina. Babu wani jan makuri a keke, babu a tsohon rediyo, babu a dutsen guga mai zakara. Duk wanda ya kira ka ya ce yana da mai saye daga waje amma sai ka biya kuɗin gwaji, kuɗin gwajin ne kasuwancinsa.

Idan ka gama binciken, haɗa hotunan wuri ɗaya: gaban kayan, sunan waje, sunan ciki, lambar, madannai, baya, da duk inda ya lalace. Buɗe allon ƙasa na wajen feda ma, nan takardu ke faɗawa, wani lokaci rasit ko tsohuwar takardar waƙa mai hatimin makaranta. Sannan je wajen wanda ya fi kowa tsufa a gidan, kunna rikodar waya, ka tambaye shi daga hannun wa kayan ya fito, a wace shekara, da me aka ɗauko shi. Lambar za ta gaya maka shekarar da ya bar masana'anta, amma yadda ya iso Muciya ko Hayin Dogo sai a bakin Kaka. Ɗora duka a Google Drive, ka tura wa kowane magaji, har da mata da waɗanda ke nesa, kafin ranar da za a zauna.

In kuma an yanke shawarar matsar da shi, a nemo ƙarti huɗu a ƙalla, a ɗaga shi a tsaye. Kar a tura shi a kan 'yan tayoyin nan nasa, sun daɗe da cijewa, kuma nauyinsa a baya yake, nan da nan yake kifewa. A ajiye shi jikin bangon ciki, nesa da taga da rana, a sa katako a ƙarƙashi saboda laima da gara.